Gindin Randar Batulu

Duk Birnin Kudu in ana maganar lemon citta, sunan Batulu ake fara kira, kuma ita ma ta san da haka. Ba ta cikin matan nan da in an yabe su sai su sunkuyar da kai su ce ai ba komai. In ka ce mata, "Inna Batulu, lemon nan ya yi daɗi," sai ta dube ka sama da ƙasa ta ce, "Da me ka zata?" A yi dariya, a miƙo kofi a ƙara.

Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, da lemon nan ta raine su har kowa ya kama gabansa. Abin da take zubawa ba ɓoyayye ba ne: ɗanyar citta, tsamiya, kanumfari, ɗan masoro, ɓawon abarba in ta samu, sai sukari. Matan unguwa sun sha zuwa su ƙura mata ido tun daga daka har tacewa, su koma gida su yi yadda suka gani, amma nasu ya fito lami. Nata kuwa yana da wani ɗan tsami-tsami mai cizon harshe, wanda in ya wuce maƙogwaro sai mutum ya lumshe ido ko bai yi niyya ba.

Sirrin yana cikin randa. Wata baƙar randa ce mai faɗin ciki da ta gada daga mahaifiyarta Lailatu, mutuniyar Zandam. Tun tana yarinya Lailatu ta ja mata kunne cewa ba a ƙarar da abin da ke cikin randar nan, ba a kuma wanke ta ƙal. Kullum sai a bar ɗan saura a gindi, a zuba sabon haɗi a kai, a rufe da faifai ya kwana, da safe a tace. A cewar tsohuwar, albarkar gidan a wannan ɗan sauran take zaune. Batulu ba ta taɓa tambayar dalili ba. Uwa ta ce a bari, ta bari.

Shekara da shekaru a kofi take sayarwa, ko ta ƙulla a leda ta jefa cikin ƙanƙara, kafin la'asar babu ko ɗigo. Ƙanenta Ɗayyabu ne ya kawo maganar gora. Shi direban motar haya ne tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, kuma irin mutanen nan ne da ba sa rasa shawarar da za su ba wani. Ya ce akwai Hajiya Kubura a Gwaram mai kanti da firij, ta ɗanɗana lemon ta ce a riƙa kawo mata a gorunan roba masu murfi. Batulu ta ɗan ja aji kamar ba ta so, sannan ta yarda. Lokacin sanyi aka fara, abin ya tafi lafiya lau, har ta soma cewa sunanta ya tsallaka ƙaramar hukuma.

Sai bazara ta shigo da zafinta.

Alhaji Abdulsalami, mijin Hajiya Kubura, ya sayo sabuwar bas, ya ce za a yi walima a kira malamai su yi addu'a kafin ta hau titi. Aka aiko wa Batulu a yi lemo mai yawa. Ta yi, ta cika gorunan har wuya don kar a ce ta yi ƙwauro, ta murɗa murafan da ƙarfinta, Ɗayyabu ya loda a but ɗin motarsa ya kai tun kafin ranar. Ta zauna tana jiran yabo.

Ranar walimar da yamma sai ga Ɗayyabu ya shigo ko sallamar kirki babu. Ya tsaya a tsakar gida yana jujjuya mukullin mota a yatsa.

"Kai kuma lafiya? Ko motar Alhajin ce ta ƙi tashi?"

"Yaya, da ma motar ce, da da sauƙi."

Ya zauna a kan turmi ya ba ta labari. Wuta ta ɗauke a Gwaram, firij bai yi aiki ba, gorunan suka kwana a ɗakin kwano. Da aka shafa addu'a aka jera su gaban malamai, sun kumbura sun yi tauri, amma ba wanda ya lura. Malam Nu'uman, dattijon da ya ja addu'ar, shi aka fara miƙa wa. Yana murɗa murfi sai gorar ta yi tsaki, kumfa ta yi tsiri ta wanke masa gemu da farar babbar riga. Na kusa da shi ya buɗe tasa, ita ma haka. Kafin ka ce me, tabarma ta jiƙe sharkaf, wuri ya gauraye da wani wari mai tsami.

Batulu ta ce, "To ai sai a goge. A kan wannan ka shigo mini kamar an yi mutuwa?"

"Ba ki ji ƙarshen ba, Yaya. Malam ya shinshina hannunsa ya ce, 'Subhanallahi, wannan ai giya ce.' A gaban kowa ya faɗa."

Ludayin da ke hannunta ya faɗi. Matar da ko a hanya ta ga kwalbar giya sai ta tsallake ta tana a'uziyya, yau ita ake cewa ta dafa wa malamai giya. Kunya ta kama ta, sai kuma fushi ya biyo baya ya fi kunyar ƙarfi.

"Tuƙinka ne," in ji ta. "Kana tafiya kamar aljanu sun biyo ka, ka girgiza mini kaya."

"Yaya, tun lokacin sanyi haka nake tuƙi."

Wannan gaskiya ce, shi ya sa ta ƙara jin haushinsa.

Magana ba ta tsaya a Gwaram ba. Motocin da ke kai fasinja su suka kawo ta, kuma kafin ta iso Birnin Kudu ta yi ƙiba. An ce wai wani ya sha ya yi tangaɗi. An ce wai dama shi ya sa lemon nata ya fi na kowa shiga rai. Hajiya Kubura ta aiko a ce mata a dakata tukuna, ba don komai ba, sai don Alhaji ya ji nauyin malamai. A unguwa ma masu zuwa da kofi suka ragu, waɗanda suka zo kuma sai sun faki idonta sun shinshina kafin su kai baki. Ganin wannan shinshinawar ya fi komai ci mata rai. Ciniki in ya tafi yakan dawo, amma in sunan mai giya ya manne mata, har jikokinta da shi za a riƙa kwatanta su.

Maƙwabciyarta Hapsatu mai waina ta ce baki ne, a nemo rubutu a zuba. Batulu ta ce in baki ne, me ya sa bai kama na kofi ba sai na gora? Ta ɗaura zani ta shiga bincike da kanta. Ta wanke goruna da sabulu da gishiri har hannunta ya yi fari, ta cika, ta ɗora a kan kwanon ɗaki inda rana ta fi duka. Washegari suka kumbura. Ta rage sukari, suka kumbura. Ta cire ɓawon abarba, ta sauya mai sayar mata da tsamiya bayan ta yi masa tatas a kasuwa a kan laifin da bai san da shi ba, duk da haka suka kumbura. Wata ma ta fashe da rana tsaka, awaki suka watse, Hapsatu ta leƙo ta katanga tana salati.

Abu ɗaya ne ba ta taɓa ba, kuma tun farko zuciyarta take kewaye shi. Da dabara ta ƙare mata, sai ta sayo sabon bokiti, ta yi haɗi a ciki ba tare da ya ga randa ba, ta cika gora ta ɗora a kan kwano. Gorar ta sha rana ta kwana, ta kuma shan wata ranar, ko gezau. Ta buɗe, shiru, babu tsaki babu kumfa.

Maimakon murna sai gabanta ya faɗi. Ta kurɓa, ta furzar. Lemon citta ne, amma irin na kowa, irin wanda take yi wa matan unguwa dariya a kansa.

Ta shiga ɗaki ta zauna gaban randar ta daɗe tana kallonta. Ashe abin da ya ɗaga ta shi ne ya kayar da ita. Wannan ɗan sauran na gindi yana da rai, shi yake ba lemon cizo, kuma in aka kulle shi a gora cikin zafi ba ya tsayawa, ci gaba yake da aikinsa har ya kai inda Malam ya ce. Tsoro ya kama ta, ta yi ta istigfari, don ta gane tsohon bai yi ƙarya gaba ɗaya ba.

Ɗayyabu da ya ji sai ya ce, "Shi ke nan, an huta. A fasa randar, ki koma bokiti."

"A fasa me?"

"To a ajiye ta a zuba ruwan sha."

"Ɗayyabu, a cikin randar nan aka samo kuɗin koyon motarka. Tashi ka ba ni wuri."

Ya tashi, amma maganarsa ta zauna. In ta riƙe randa, sunan giya ya tabbata. In ta sake ta, ta wanke sunanta amma ta zama kowa, kuma mutanen Gwaram za su ce ai ga shi, da ta cire abin da take zubawa daɗin ya gudu. Ta daina yin lemo gaba ɗaya, sai ɗan abin da take zuba wa randar don kar gindin ya bushe. Abinci ma ba ya shiga sosai.

Wata safiya ta zaga wurin Hapsatu, ba don yunwa ba, don zaman ɗakin ya ishe ta. Ta tarar ƙullun waina ya kumburo ya ɗaga murfin roba yana zuba ta gefe, Hapsatu na ta faɗa da shi tana kwashewa.

"Zafin nan ya sa ƙullu hauka," in ji Hapsatu. "Ɗan tsohon ƙullu kaɗan na zuba jiya, dubi yadda ya yi."

 Idon Batulu na kan kwanon da ake tara wainar da ta soyu. Ƙullu ɗaya ne, tsami ɗaya, amma wadda ta sauka daga tanda tana zaune inda aka ajiye ta. Ta ɗauki ɗaya ta gutsura. Tsamin yana nan daram.

"Hapsatu, wainar nan in ta wuni a rana, tana ƙara tashi?"

"Wace irin tambaya ce wannan, Yaya Batulu? Abin da ya ga wuta ina zai tashi?"

Batulu ta miƙe ko kuɗin wainar ba ta tuna ba, ta bar takalminta ɗaya a ƙofar.

A ranar ta yi haɗi a randa yadda Lailatu ta koya mata, ya kwana. Da safe ta tace, ta bar gindin a wurinsa, sannan ta juye abin da ta tace a babbar tukunya ta ɗora a wuta har ya tafasa. Zumuɗi ya sa ta zuba shi da zafinsa a gorar farko, robar ta lanƙwashe ta tsuke kamar tsohuwar da ta sha tsamiya. Ta yi wa kanta tsaki, ta rufe tukunyar ta jira ya huce. Wannan karon ba ta cika har wuya ba. Ta ɗora a kan kwano, ta hana kanta taɓawa har gorunan suka sha zafin da ya fi wanda na Gwaram suka sha. Da ta sauko da su, laushinsu na nan. Ta buɗe ɗaya, shiru. Ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye, sai ta ji idonta ya lumshe da kansa.

Ba ta gaya wa kowa a unguwa ba. Ta kira Ɗayyabu ta ce ranar kasuwar Gwaram da ita za shi.

"Ki ba ni in kai mana, Yaya."

"Kai aka zaga ko ni?"

Ta saka atamfarta ta zuwa biki, ta yafa babban mayafi, ta hakimce a gidan gaba. Goruna kuma ta ce a but za a sa su, kusa da inda ya fi zafi, kuma kar ya kauce wa rami ko ɗaya saboda ita. Ɗayyabu ya ɗauki maganar da gaske fiye da yadda ta so, har sai da wani fasinja ya tambaye shi ko yana da gaba da wani a cikin motar.

Kantin Hajiya Kubura yana bakin titi, kuma tsallaken titin akwai wata bishiyar darbejiya inda dattawa suke zama bayan azahar, har da Malam Nu'uman. Hajiya Kubura ta ga Batulu ta sauko, ta rasa inda za ta sa kanta. Ta shimfiɗa tabarma tana ta jero gaisuwa, ya hanya, ya yara, ya zafi.

"Hajiya, ba faɗa na zo ba. A ajiye mini kayan nan a rana, nan inda kowa zai gani. Sannan a roƙar mini Malam Nu'uman ya taimaka ya tsallako."

"Yaya Batulu, da an bar maganar nan ta mutu da kanta."

"Ba ta mutuwa, Hajiya. Haihuwa take yi."

Ranar kasuwa ce, kuma labari ya zaga cewa mai lemon nan ta zo. Kafin Malam ya idar da salla ya tsallako, bakin kantin ya cika da 'yan kallo, masu sayen magi da ba su da niyyar sayen magi. Malam Nu'uman dogo ne siriri, yana dogara sanda. Batulu ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta miƙe ta ɗauki gora ɗaya mai zafi daga rana. Ta girgiza ta da hannu biyu, ta girgiza har mayafinta ya zame. Mutanen gaba suka ja da baya, Malam ma ya ɗan tattare rigarsa. Ta kawo gorar daidai fuskarta ta murɗe murfin.

Ba abin da ya fito. Ta buɗe ta biyu, ta uku, ta ce duk mai so ya zaɓi wadda ya ga dama ya girgiza da kansa. Wani ɗan kamasho ya zaɓa, ya girgiza har da tsalle, ya buɗe yana kare ido, aka bushe da dariya.

"Allah ya gafarta Malam," in ji Batulu, "abin da ka ji a hannunka ran nan, hancinka bai yi ƙarya ba. Lemon ya juya a cikin gora saboda zafi, ni kuwa ban san yana juyawa ba. Amma ban taɓa dafa giya ba, uwata ba ta dafa ba."

Ya tambaye ta yadda take yi, ta faɗa masa komai a gaban jama'a, har maganar gindin randa da ta ɓoye wa matan unguwarta shekara da shekaru. Ta ce kwana ɗaya yake yi kamar ƙullun waina, yanzu kuma sai ya ga wuta kafin ya ga gora. Malam ya saurara yana gyaɗa kai. Ya karɓi gorar ya shinshina, Batulu ta danne zuciyarta ta bar shi. Ya yi bismilla ya kurɓa, ya ɗan tsaya, ya sake kurɓa, na biyun ya fi na farkon tsawo.

"Wannan tsamin kunu ne da nono," in ji shi. "Ba komai a cikinsa." Sai ya rage murya. "Baiwar Allah, na yi gaggawa. Kamata ya yi in ce abin ya lalace, in aika a tambaye ki. Na saki kalma mai nauyi a kan mutuniyar da ban sani ba. Ki yafe mini."

 Hajiya Kubura tana ta yi wa Batulu alama da ido ta amsa da sauri, dattijo ne. Ɗayyabu ma ya matso yana raɗa, "Yaya, ki ce ba komai."

Batulu ta gyara mayafinta. 

"Na yafe, Malam, duniya da lahira. Sai dai wata alfarma nake roƙo. Ran nan da ƙarfi ka faɗa, a gaban manyan gari. Yau kuma a hankali ka faɗa, ni da Hajiya kaɗai muka ji sosai."

Wani ya ce, "Kai!" Ɗayyabu ya dafe kai. Malam Nu'uman ya dube ta, ya daɗe yana dubanta, sai gemunsa ya motsa da murmushi.

"Kin fi ni gaskiya," ya ce.

Ya ɗauki sandarsa a hannu ɗaya, gorar a ɗaya hannun, ya tsallaka titi a hankali, har wata mota ta tsaya ta ba shi hanya. Da ya isa gindin darbejiyar bai zauna ba. Daga inda Batulu take tana hango dattawan sun ɗaga kai suna kallonsa, Alhaji Abdulsalami a cikinsu. Tsohon ya ɗaga gorar sama, ya buɗe murya irin wadda yake jan addu'a da ita, har masu tumatir na can gefe suka waiwayo.

"Jama'a, ku shaida! Abin da na faɗa a kan Batulu ta Birnin Kudu, kuskure na yi. Matar nan mai tsarkin sana'a ce!"

Nan ne Batulu ta zauna a kan tabarmar Hajiya Kubura. Hannuwa sun yi mata ca, kowa na cewa a ba shi ɗaya, Ɗayyabu na ta rabawa yana ba da labari kamar shi ya gano dabarar. Ita kuwa ta ja gefen mayafi ta goge idonta da sauri kafin wani ya gani. Hajiya Kubura ta durƙuso kusa da ita ta ce ko a sa sauran a firij su yi sanyi.

"Bar su a nan, Hajiya," in ji Batulu. "Waɗanda ba su iso ba tukuna su ma su zo su gani."